Wasiƙa Ga Edita: Aure Ya Mutu, To Yaran Fa?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan wannan jarida, don Allah ina roƙon ka bani fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana damuna. Duk lokacin da aka ɗauko zancen mutuwar aure, a jarida ne ko a rediyo ko a Facebook, zaka ga maganar bata wuce waye mai laifi ba, mijin ne bashi da haƙuri ko matar ce bata jin magana, a yi ta ja-in-ja har a gaji kowa ya watse. Amma washegarin rabuwar fa? Yaran da aka haifa a tsakani a ina zasu kwana, wa zai kai su makaranta, in zazzaɓi ya kama ɗaya cikin dare wa za a kira, yaushe zasu ga wanda basa zaune a wajensa, wannan kusan ba wanda yake tsayawa a kai. Ni malamar firamare ce, kuma wallahi a cikin aji ake ganin abinda wannan shirun yake haifarwa.

Maganata ɗaya ce. Duk mutum biyun da suka rabu alhali akwai ɗa a tsakaninsu, ya zama dole su zauna, ko a zaunar da su, su tsara yadda zasu ci gaba da riƙon yaron nan su biyu, dalla-dalla, kuma a rubuta a takarda kowa ya sa hannu. Ba wai a bar shi a "ai duk sanda kake so kazo ka gan su" ba, don wannan maganar bata daɗewa, ranar farko da aka samu saɓani ko aka ji labarin ɗaya zai yi sabon aure shikenan ta tashi, kuma yaron ne zai biya.

Abinda muke gani kuwa kowa ya sani. Uba ya kwashe yara a ranar da yayi saki, har da wanda bai daɗe da barin nono ba, ba don yana da lokacin kula da su ba, a'a don dai ya ƙuntata wa uwarsu, sai ya kai su wajen wata 'yar uwarsa ko ya jibge wa sabuwar matar da ko shawara ba a yi da ita ba, shi kuma ya fita tun safe sai dare. Ko kuma uwa ta tafi da yara ta canza layi, tayi bulokin ɗinsa ta ko'ina, in yazo ƙofar gida a ce basa nan alhali suna leƙensa ta taga, daga baya kuma a zaunar da su a ce musu ai ubanku bai damu da ku ba. Sai kuma wanda aka fi yi wa shiru, wato mai ɓacewa kawai. Ba wanda ya hana shi, shi ne ya ga tunda auren ya ƙare to komai ma ya ƙare, ba waya ba saƙo ba kuɗin makaranta, sai yarinya ta girma ta gama karatu ta kama aiki sannan ya bayyana yana cewa ai 'yata ce. Akwai mata ma masu yin haka, su yi sabon aure su shafe babin 'ya'yan farko kamar ba su suka haife su ba. Ban ware kowa ba.

Akwai wani yaro da na taɓa koyarwa, bazan faɗi komai da zai sa a gane shi ba, yaro ne mai ƙoƙari ga surutu. Muka raba fom na fita da ɗalibai wani waje, kowa ya kai gida a sa masa hannu. Kowa ya dawo da nasa banda shi. Na tambaya yace gobe, goben ma yace gobe. Da na matsa sai ya zaro fom ɗin daga can ƙasan jakarsa, duk ya yamutse gefensa yayi baƙi saboda yawan riƙewa, yace Anti, Mama tace in kai wa Baba tunda shi ne yake cewa shi ke da iko da ni, Baba kuma yace in mayar wa wadda ta riƙe ni. Bai yi kuka ba, yana faɗa yana kallon ƙasa sai ka ɗauka shi ne yayi laifin. Yaron nan bai kai shekara 10 ba amma shi ne ɗan aiken manya biyu da basa magana da juna, duk wata magana mai zafi ta bakinsa take wucewa, kuma kafin ya isar da ita sai ya tsaya ya rage mata kaifi don kar a huce a kansa. Kafin ƙarshen zangon nan surutun duk ya tafi, makinsa ma ya sauka. Abin baƙin cikin shi ne iyayensa dukansu suna sonsa, na tabbata da wannan, tsari ne kawai babu.

Mu musulmi ma bamu da uzuri ko kaɗan domin ba a bar mu a duhu ba. Aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda tayi maganar shayarwa shekara 2 cikakku, ta ɗora ciyarwa da tufatarwa a wuyan uba, sannan tace kada a cutar da uwa saboda ɗanta, kada kuma a cutar da uba saboda ɗansa. Duka ɓangarorin biyu aka tsawatar wa. A cikin ayar dai aka ce in suna son yaye yaro to ya zama da yardar su biyun da shawara a tsakaninsu. Malam Edita ka duba fa, yaye kawai amma sai an yi shawara, to ina ga canza wa yaro makaranta ko ɗauke shi a kai shi wani gari mai nisa ba tare da ɗayan ya sani ba? A Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 6 kuwa, inda ake maganar matan da aka saka kai tsaye, cewa aka yi ku yi shawara a tsakaninku da kyautatawa. Ke nan tun farko an ɗauka cewa mutum biyun da suka rabu zasu ci gaba da magana da juna a kan ɗansu.

Sannan ga hadisin da Abu Dawud ya ruwaito na matar da tazo wajen Annabi (SAW) tace wannan ɗan nawa cikina ne ya ɗauke shi, nonona ya sha, cinyata ce makwancinsa, yanzu ubansa ya sake ni kuma yana so ya ƙwace shi, sai Annabi (SAW) yace mata ke kika fi cancanta da shi matuƙar baki yi aure ba. Imam Malik kuma ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya rabu da wata matarsa bayan ta haifa masa Asim, wata rana yazo Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci, sai ya ɗauke shi ya ɗora a kan dabbarsa, kakar yaron ta biyo shi suka yi ta jayayya har gaban Sayyidina Abubakar, shi kuma yace wa Umar ya sakar mata yaron, kuma Umar bai ƙara cewa komai ba. Umar fa, da duk kwarjininsa. A mazhabar Malikiyya riƙon ɗa namiji yana hannun uwa har ya balaga, 'ya mace kuma har ta yi aure ta tare, kuma ko uwar ta yi wani auren ba kai tsaye riƙon yake komawa hannun uba ba, kakar wajen uwa ce a gaba. Shafi'iyya sun ce in yaro ya kai shekarun wayo a bashi zaɓi. Amma abinda nake so a lura da shi, wanda mata da yawa kuma suke tsallakewa in sun zo kafa hujja, shi ne a duk cikin wannan uba bai fita ba. Malaman Malikiyya sun faɗa ƙarara cewa uba yana da haƙƙin bibiyar ɗansa, ya ladabtar da shi, ya tura shi makaranta, yaron ya koma ya kwana wajen mai riƙonsa. Riƙon haɗin gwiwa ke nan tun ƙarnoni da yawa da suka wuce, mu ne muka watsar muka koma wa ya fi ƙarfi.

A duniya ma haka zancen yake. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta shekarar 1989, wadda duk ƙasashen majalisar suka amince da ita banda Amurka, sashe na 9 yace yaron da aka raba da ɗaya daga cikin iyayensa yana da haƙƙin ci gaba da hulɗa da ganin dukansu biyu a kai a kai, sai dai in hakan zai cutar da shi. Sashe na 18 yace tarbiyyar yaro nauyi ne a kan iyaye biyun. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙi da walwalar yara ta 1990 ita ma ta faɗi kusan haka a sashe na 19. Abinda ya burge ni shi ne haƙƙin na yaron ne, ba na uba ba ne ba na uwa ba ne. In kika hana shi ganin ubansa ba tsohon mijinki kika hukunta ba, haƙƙin ɗanki kika ci, haka kai ma.

Wasu ƙasashen sun je nesa da haka. Beljiyam tun 2006 dokarsu tace in ɗaya daga cikin iyaye ya nemi a yi zaman karɓa-karɓa daidai wa daida, to alƙali ya fara duba wannan kafin komai. Jihar Kentaki a Amurka a 2018 ta mayar da rabon lokaci daidai ya zama shi ne asali, sai in an kawo hujjar da ta nuna bai dace ba. A Suwidin kuwa abin ya zama ruwan dare, har wata mai bincike, Malin Bergström, da abokan aikinta suka fitar da nazari a 2015 kan yara kusan 150,000 'yan shekara 12 da 15, suka samu cewa yaran da suke zama gida biyu karɓa-karɓa sun fi ƙarancin ciwon kai da ciwon ciki da rashin barci da damuwa a kan waɗanda suke zaune wajen ɗaya kawai, duk da cewa waɗanda iyayensu suke tare sun fi su duka. Mutane da yawa sun zaci yawo tsakanin gida biyu zai fi gajiyar da yaro, sai ga shi rasa ɗaya daga cikin iyaye ya fi yi masa nauyi. Sai dai a yi adalci, iyayen da suke iya irin wannan zaman yawanci dama can suna iya magana da juna kuma gidajensu basu da nisa, to ba za a ce jadawalin ne kaɗai yayi aikin ba.

Shi yasa ni ba ina kiran a ce dole sati ɗaya nan sati ɗaya can ga kowa da kowa ba. Yaro ba fili ba ne da za a kawo tef a auna a raba daidai. Ostareliya ta gwada wani abu makamancin haka, a 2006 suka sa a doka cewa asali iyaye biyun suna da nauyi daidai wajen yanke manyan shawarwari, sai mutane da yawa suka fahimce shi a matsayin kowa yana da haƙƙin rabin kwanakin yaro, aka yi ta rigima a kan lissafin kwanaki, kuma aka yi ta kukan cewa mata da yaran da suka gudo daga duka ana matsa musu su yarda da tsarin da bai da aminci. Ƙarshe suka cire wannan sashen, gyaran ya fara aiki a watan Mayun 2024, suka koma kan abinda ya fi zama maslaha da aminci ga yaron da ake magana a kansa. Kuma tun 1999 wasu masu bincike a Amurka, Paul Amato da Joan Gilbreth, suka tattara nazarce-nazarce 63 kan iyaye mazan da basa zaune da 'ya'yansu, suka ga yawan ziyara shi kaɗai bai cika canza komai ba, abinda ya fi tasiri shi ne uban yana biyan kuɗin kula da yaron, akwai shaƙuwa a tsakaninsu, kuma yana yin aikin uba na gaske, wato ya zauna ya duba aikin gida, ya saurari matsalarsa, ya tsawatar in an yi ba daidai ba. Uban da sai dai yazo ya ɗauki yara yawo ya cika su da kyaututtuka ya dawo da su, ya bar wa uwa duk faɗa da horo da tashin asuba, wannan bai raba nauyi ba, daɗin kawai ya ɗauka.

To me takardar nan zata ƙunsa? Ni a ganina ƙananan abubuwan nan da ake rainawa su ne suke kawo manyan rigingimu, don haka su za a fi rubutawa. A faɗi wace rana yaro zai tafi, ƙarfe nawa, wa zai kai wa zai ɗauko, in mutum zai makara ko bazai samu zuwa ba ya sanar da wuri kar a bar yaro ya shirya ya rataya jaka yana tsaye bakin ƙofa har dare. Wannan jiran yana cin yara fiye da yadda manya suke zato. In iyayen basa iya haɗa ido ba tare da an yi sa-in-sa ba, akwai hanya mai sauƙi da nake gani tana aiki, ɗaya ya kawo yaro makaranta da safe ɗayan ya ɗauka in an tashi, ba sai sun haɗu ba sam. A samu yunifom da buroshi da ɗan kayan sawa a kowane gida don kar yaro ya riƙa jan ƙatuwar jaka kullum, kuma kar a ce kayan da na saya maka ba zasu je gidan can ba, kayan yaron ne. Maganar magani kuwa ba wasa, yaro mai asma ko sikila ko farfaɗiya dole gida biyun su san sunan maganinsa da lokacin sha da likitan da yake gani, katin asibiti da na rigakafi a yi hotonsu kowa ya ajiye a waya. Wasu suna sa ɗan littafi a jakar yaro, kowa ya rubuta abinda ɗayan ya kamata ya sani, ya sha magani ƙarfe kaza, yana da jarabawa ranar kaza, ba gaisuwa ba habaici. Wasu WhatsApp suke amfani da shi a kan sharaɗin maganar yaro kawai. Ko wanne aka zaɓa dai manya su yi maganarsu da kansu, a sauke wa yaro aikin ɗan aike.

A rubuta yadda za a raba dogon hutu da ranakun biki, bana nan baɗi can. A rubuta lokacin da yaro zai riƙa waya da wanda baya wajensa, kuma a bar shi yayi wayar cikin sakewa ba a tsaya a kansa an sa sifika ana saurare ba. A rubuta wa zai riƙe takardar haihuwa da fasfo, da cewa ba mai tafiya da yaro wata ƙasa ko ya ƙaura da shi gari mai nisa sai da sanin ɗayan. In nisan ya zama dole saboda aiki ko sabon aure to a sake tsari, kwanakin makaranta a wuri ɗaya, hutu mai tsawo a ɗayan, kiran bidiyo a tsakani.

Shekarun yaro ma dole a duba. Jaririn da yake shan nono ba za a ce ya yi sati baya ganin uwarsa ba, abinda ya dace da shi shi ne uban ya riƙa ganinsa sau da yawa ko da na ɗan lokaci ne don ya saba da fuskarsa da muryarsa. Ɗan firamare yana iya kwana biyu ko uku nan, biyu ko uku can, in gidajen suna kusa da makarantarsa. Wanda ya shiga sakandare kuwa yana da abokai da lesin da jarabawa, sau da yawa ya fi son wuri ɗaya tsayayye ya riƙa zuwa ɗayan a ƙarshen mako. Don haka tsarin da aka yi yaro yana shekara 3 bazai yi masa ba in ya kai 13, a riƙa zama ana sake dubawa. Kuma a ji ta bakin yaron, sashe na 12 na yarjejeniyar nan ta 1989 ma ya faɗi haka, amma jin ra'ayinsa daban, ɗora masa hukunci daban. Tsayar da ƙaramin yaro a gaban iyayensa biyu a ce faɗi wa ka fi so, kowa ya zuba masa ido, wannan nauyi ne da zai daɗe yana ɗauke da shi. Wani babba da yaron ya yarda da shi ya tambaye shi a keɓe, me kake so me yake damunka, sannan manya su yanke su ɗauki alhakin abinda suka yanke.

Sai maganar kuɗi, inda nan ne aka fi kai ruwa rana. Don Allah a raba abu biyun nan, ciyarwa daban ganin yaro daban. Uwa tace tunda bai turo kuɗi ba bazai gan su ba, uba yace tunda an hana ni ganinsu ko sisi bazan bayar ba, kowa yana ganin ya rama, yaron kuma ya rasa kuɗin makarantar ya rasa uban. In bai biya ba a kai shi gaban masu sulhu ko kotu a tilasta masa, in an hana shi gani shi ma ya bi wannan hanyar. In babu yarda a tsakani to a biya makaranta da asibiti kai tsaye a ajiye risit. Kuma maza su sani renon yaro aiki ne mai cin lokaci da lafiya, wadda take tashi cikin dare tana jinya tana wanki tana duba aikin gida ba kyauta kake mata ba in ka turo abinda ya wajaba a kanka.

Akwai wani abu kuma da yake min ciwo sosai, wato tambayoyin da ake yi wa yaro in ya dawo. Me babanka ya saya wa matarsa, waye yake zuwa wajen mamanka, me suka ce a kaina. An mayar da shi ɗan leƙen asiri. Wata yarinya ta taɓa ce min in ta dawo daga gidan babanta bata nuna ta ji daɗi, sai ta ɓata fuska tun daga bakin ƙofa don kar ran mamanta ya ɓaci, in ta je can ma haka take yi. Yarinya ƙarama ta koyi ɓoye farin cikinta a gida biyu. Kuma duk zagin da kika yi wa ubansa a gabansa, ko ka yi wa uwarsa, yaron yana ji ne a jikinsa don ya san daga su biyun ya fito. Ba a ce ki yabe shi ba in ya cuce ki, a'a, ki kai kukanki wajen manya 'yan uwanki, ba kunnen ɗanki ba. Matar uba da mijin uwa su ma suna da rawar takawa, kar a tilasta wa yaro ya kira su da sunan da bai shirya ba, kar su ma su shiga tsakani su zama masu hana zuwa. Na ga waɗanda suka riƙe 'ya'yan wasu da amana har sun fi iyayen natsuwa, Allah ya saka musu. Dangi kuwa, kakanni da gwaggo da inna da kawu, wani lokacin su ne masu hura wutar, ma'auratan sun huce amma su basu huce ba. In za a zaɓi masu shiga tsakani a zaɓi mai sanyin rai daga kowane ɓangare, ba wanda ya fi iya faɗa ba.

Amma fa a ji ni da kyau, duk abinda na faɗa ban haɗa da inda akwai duka ko barazana ko shaye-shayen da ya fitar da mutum daga hayyacinsa ko lalata da yara ba. A nan kare yaron da wanda yake riƙe da shi shi ne farko. Kar a matsa wa matar da ta tsira da ƙyar a ce dole ta riƙa kai yara da kanta gidan wanda ya karya ta, wai don a ce an yi adalci. In ma za a yi ziyara to a gaban wani amintacce, a wurin da aka yarda da shi, kuma hukuma ko kotu ta shigo ciki. Haka kuma ƙirƙirar irin wannan zargin a kan wanda bai yi ba don kawai a raba shi da ɗansa zalunci ne babba, kuma yana sa a daina yarda da masu gaskiya.

Mu malaman makaranta ma akwai namu. In dai ba kotu ce ta hana ba, a karɓi lambar iyaye biyun, a tura wa kowa sakamakon jarabawa, a gayyaci kowa taron iyaye, in basa son haɗuwa a ba kowa lokacinsa. Kuma kar mu yarda a mayar da harabar makaranta filin ƙwacen yara, ya kamata kowace makaranta ta san a rubuce wa ke da izinin ɗaukar wane a wace rana.

Roƙona gare ka Malam Edita shi ne jaridar nan ta ware shafi na musamman kan wannan batu ko da sau ɗaya a wata. A kawo malaman fiƙihu su yi bayanin riƙo da ciyarwa filla-filla yadda kowa zai gane, a kawo lauyoyi da alƙalai su faɗi yadda ake mayar da yarjejeniyar sulhu ta zama abinda kotu zata iya tilastawa, a kawo likitocin yara. In da hali a buga samfurin irin takardar da nake magana a kai, wadda mutum biyu zasu iya cikewa a gaban shaidu ba sai sun ɗauki lauya ba. Sannan a nemo manyan da suka tashi a tsakanin gida biyu, a ɓoye sunayensu, su faɗi da bakinsu me ya taimake su me ya cutar da su, domin su ne ba a taɓa tambaya ba.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara ɗaukaka.

Taku,
Wata malamar firamare, mai karanta jaridarku